Zazzaɓin Injin Malam Sambo

Akwai wani a garin nan, ba zan kama sunansa ba saboda darajar furfurarsa, da yake bin majalisa-majalisa yana cewa wai maganar makullin shagon Malam Sambo ba ta kai a tara dattawa ba, wai da shi aka kira da ya yanke ta kafin shayi ya huce. Ƙarya yake yi. Ranar da aka yi abin yana bayan rumfa yana kokawa da ƙashin rago, bai ga komai ba sai gindin kwano. Mutumin da ko batirin tocila sai ya juya shi ya sake juyawa kafin ya dace, shi ne zai yi wa mutane alƙalancin inji? Ni ina wurin tun daga bismilla har shafa fatiha. Ku gyara zama in zayyana muku yadda aka yi, in ya so ku yanke, tunda yanzu kowa alƙali ne.

Malam Sambo Mai Hoto, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗauki hoton rabin garin nan. Ya rasu ya bar mata ɗaya, Hajiya Dudu, Bafulatana mai kafiyar tsiya. Ya bar 'yar auta, Rumasa'u, wadda ta gaji kafiyar har ta fi uwar. Ya kuma bar shago a bakin kasuwa, da kwamfuta irin ta tebur mai akwati kamar jarka. Shagon ba wani shago ba ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Amma shi da gidan da ke bayansa layi ɗaya suke da gidan ruwa, ba a ɗauke musu wuta. Duk wanda ya taɓa wuni da janareto a kunnensa ya san abin da nake nufi. Tun rasuwar Malam shagon yake kulle, makullin kuwa yana ɗaure a haɓar zanin Hajiya.

Mutum uku Malam ya yaye a sana'ar: Tsalha, da Hambali, da wata Babarbariya mai suna Yagana. Dukansu sun girma sun yi iyali, kowa ya kafa teburinsa a rumfar kasuwa yana shan rana, kuma kowa in ya zo wucewa ta gaban shagon nan sai ya rage tafiya ya haɗiyi yawu.

Lokacin da ciwo ya kwantar da Malam, ya san ba zai ga auren autarsa ba. Sai ya kafa kyamara da kansa, ya ɗauki nasihar da uba yake yi wa 'yarsa ranar da za a kai ta ɗakin miji. To amma a ɗakin jinya ya ɗauka, labule a sake, fanka tana kuka. In ka kunna, inuwa kawai za ka gani tana motsi, murya kuwa kamar daga ƙasan rijiya. Ana iya wanke irin wannan hoto, fuska ta fito, murya ta fito, sai dai aiki ne mai nauyi da yake sa inji gumi na tsawon wuni. Hajiya ta ce a wanke, amma da injin Malam, kuma a falonta, don maganar uba da 'ya ba ta yawo a kasuwa.

Yanzu ku ji inda injin yake. Hajiya ta ɗauko shi daga shago ta ba shi wurin da ya fi kowane daraja a gidanta, wato cikin kabad ɗin gilashi, tsakiyar jeren tangaran da kwallayen aurenta. Ta zauna ta yi masa lulluɓi na karan-miski da hannunta, har da suna da ranar rasuwa a jiki, ta rufe shi ruf kamar amarya. Aka huda bayan kabad aka zaro wayoyi zuwa allon da ke kan tebur. Doka kuwa ɗaya ce: ba a ɗaga lulluɓi, ba a barin gilashi a buɗe, don kada ƙura ta taɓa kayan Malam. Wannan fa a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma yake neman inuwa.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yaran Malam sun zo sun tayar da aikin. Da sun tayar sai Hajiya ta sallame su, don falonta ba wurin zaman hira ba ne. In sun dawo sai su tarar injin ya mutu a tsakiyar hanya. Wasu suka ce baki ne. Wasu suka ce Malam ne bai yarda da angon ba. Hajiya ta yi sadakar waina, sannan ta ajiye kasko da garwashi da turaren wuta a gindin kabad don korar mugun ido. Daga ranar injin ya ƙara saurin mutuwa, ita kuwa ta ce ka ga maƙiya sun ji hayaƙi sun fusata.

A haka ranar kai amarya ta zo. Dangin ango daga Nguru suka zo, direbansu ya ce shi ba ya tafiyar dare, la'asar sakaliya zai ta da mota, da amarya ko ba amarya. Rumasa'u, da kanta ta zaɓi mijin kuma tana son abinta, amma ta zauna a bakin gado ta ce ko da katako za a ɗaga ta ba za ta shiga mota ba sai ta ga fuskar Baffanta, wato Malam, ta ji abin da ya ce mata. Da sassafe Hajiya ta kira su ukun, ta kwance haɓar zani ta ɗaga makulli a gaban jama'a.

"Wallahi tallahi," in ji ta, "duk wanda ya fito min da fuskar Malam kafin motar nan ta tashi, shagon nasa ne."

Rannan ne karon farko da ta bar su suka zauna a falon.

Tsalha shi ya fara. Tsalha matsoraci ne, mutumin da ko gadar siminti sai ya taka da ƙafa ɗaya ya ji ƙarfinta kafin ya hau. Amma tsoro ya koya masa abin da masu zuciya ba su damu da shi ba, wato dubawa. Ya sa wata 'yar manhaja da ke nuna zafin furosesa a kusurwar allo. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar injin, 'yar mitsitsiya ce, amma ita take ɗaukar duk wahalar. Injin yana zaune ba ya komai, ga shi ya haura digiri sittin. Tsalha ya tayar da aikin ya zuba ido. Tamanin. Casa'in. Casa'in da takwas. Sai ya ga injin da kansa ya rage gudu, yana jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi, can kuma ɗif, ya ɗauke. Tsalha ya gane ba baki ba ne, ba Malam ba ne. Zazzaɓi ne, kuma injin yana kashe kansa ne don kada ya ƙone. Sai dai ina bakin faɗa? Ya je gaban Hajiya ya durƙusa, ya gaishe ta, ya yi mata ya taro, ya yi mata ya zafi, ya tashi ya dawo. Ƙarshe a kunnen Yagana ya raɗa.

Yagana ita ta karɓa. Kun san tsakanin Barebari da Fulani, wasa ne tun kaka da kakanni, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Abin da ko limami bai isa ya faɗa wa Hajiya Dudu ba, Yagana tana iya faɗa mata tana taunar cingam. Ta miƙe ta riƙe ƙugu a tsakiyar mata.

"Ke Bafulatana, baiwata, zo nan. Wannan ɗan maraƙi ne kika ɗaure a gilashi?"

"Yagana, ki kiyaye ni," in ji Hajiya. "Yaushe bawa ya fara taɓa kayan ubangijinsa?"

"Ku da kuka saba da ruga, ina kuka san inji? Kin rufa wa bawan Allah bargo a bazara, kin tura masa garwashi a gindi, sannan ki ce baki ne? Ke in aka yi miki haka ba suma za ki yi ba?"

Kafin Hajiya ta nemo amsa, Yagana ta buɗe gilashi ta yaye lulluɓin karan-miskin nan, ta naɗa shi a kanta kamar gwaggwaro, ta taka rawa har bakin ƙofa ta dawo. Mata suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa. Hajiya ta ga in ta yi fushi Fulanin duniya sun faɗi a hannunta, sai ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Barebari," ita ma tana dariya.

Yagana ta fitar da kasko waje, ta sauko da injin kan tebur ta kwance murfinsa. Jama'a, abin da ke ciki! Ƙura ta dunƙule a haƙarƙarin ƙarfen da ke shanye zafi kamar audugar tsohuwar katifa, zanzaro kuma ya gina gidansa a jikin fankar tun zamanin shago. Ta share, ta hure, ta ɗaga ƙarfen. Man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa don zafi ya riƙa ratsawa ya bushe ya zama ƙanzo. Ta kankare shi a hankali, ta goge da sifirit, ta ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Wata gwaggo ta leƙo ta ce ai da makilin aka sa, shi da yake sanyaya baki. Yagana ta ce, "Gwaggo, inji ba shi da haƙora." Daga nan ta shiga ɗakin da aka sauke dangin ango, da yake su ma Barebari ne ta yi musu Barbarci, sai ga ta ta fito da fankar tsaye da aka kunna wa manyan baƙi, su da kansu suna riƙe mata waya. Aka tayar da aikin. Tsalha ya duba ya ce sittin da 'yan kai, kuma ya tsaya a nan.

Murna ta koma ciki da aka dubi ƙasan allo. Injin ya ce zai gama, amma sai magariba. Motar Nguru kuwa a lokacin ta yi nisa.

Nan Hambali ya naɗe hannun riga. Hambali ɗan ganganci ne, ko keke ya hau sai ya laluba inda totur yake. Amma gangancinsa da ilimi a ciki, don ya san hanyar da sauran biyun ko leƙawa ba sa yi. Masu ƙera furosesa suna yi mata dabaibayi ne, su ɗaure ta a gudun da suka tabbata ba za ta faɗi ba ko a hannun wawa. Wanda ya san bayos, wato ɗakin da ake shiga kafin injin ya gama farkawa, yana iya sassauta igiyar. Hambali ya shiga. Da yake hali zanen dutse ne, maimakon ya hau tsani a hankali sai ya yi tsalle ya kama can sama. Injin ya tashi, ya yi ɗan aiki, allo ya koma shuɗi fes. Falo ya ɗauki salati. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce sun kashe shi, marayan Allah. Hambali ko a jikinsa. Ya ce suma ce, ba mutuwa ba. Ya komar da komai yadda yake, ya sake farawa, wannan karon kamar mai sa gishiri a miyar surukai: ya ƙara kaɗan, ya gwada, ya ƙara kaɗan, ya gwada. Inda injin ya fara tangaɗi sai ya ƙara masa wuta ɗan lasa, ba ludayi ba, don ya san wutar ita ce mai haifar da zafin. Tsalha yana gefe yana kiran lamba kamar ɗan kamasho a tasha. Saba'in da biyu. Saba'in da bakwai. A ƙasan allo magariba ta ja baya, ta ja baya, har ta zama la'asar.

Sai shaiɗanin Hambali ya motsa. Ya ce bari ya ƙara taki ɗaya a gama tun azahar, a san an yi da maza. Ya miƙa hannu. Tsalha, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe ko akuya ba, ya cafke masa wuyan hannu.

"Tamanin da ɗaya, Hambali. Kuma rana ba ta take ba tukuna."

"Sake ni, kai farar kura! Injin nan yana da sauran numfashi."

"Numfashin na tsakar rana ne. Ka taɓa shi, in kira Hajiya in ce kai ne mai bakin."

Hambali ya janye hannu yana ƙunƙuni. Aka tayar da aikin gaske da hantsi.

Maganar Tsalha ta fito. Da rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, mata suka cika falo kowa tana son ganin Malam, lamba ta fara hawa. Tamanin da huɗu. Tamanin da shida. Yanzu kuma Tsalha ne ya rikice, ya ce a kashe, a kashe, gara a rasa nasiha da a rasa inji. Hambali ya tare soket da bayansa ya ce in aka kashe daga farko za a koma, kuma tamanin da shida zazzaɓi ne, ba ajali ba. Ita kuwa Yagana ta ruga ta ciro dutsen ƙanƙara daga duron lemon biki, tana ɗiga, za ta kwantar da shi a cikin injin. Hambali ya daka mata tsawar da ta sa ta saki ƙanƙarar a ƙafar wata tsohuwa. Ya ce ɗigo ɗaya ya sauka a kan kayan wutar cikin injin, ba nasiha ba, ko sallamar Malam ba za a ji ba. Yagana ta ce to ai ba ƙanƙara ce kaɗai maganin zafi ba. Ta juya kan matan nan, galibinsu dangin Hajiya, ta ce duk Bafulatanar da ta rage a falon nan ta yarda Babarbare ne ubangijinta. Kafin ka ce kwabo falo ya zama fili. Ta sauke labule, ta wangale tagogi. Lamba ta tsaya, ta yi tunani, ta sauko tamanin da biyu. Tsalha bai ci abincin biki ba rannan, salla ma bi da bi suka yi ta, don ya ce ba za a bar lambar nan ba mai tsaro ba.

An idar da la'asar, direba ya fara danna oda, injin ya yi ƙara ɗaya ya ce ya gama. Aka kawo Rumasa'u a lulluɓe. Sai ga Malam Sambo a allo, da hularsa a karkace, da giɓin nan nasa, yana leƙen kyamara yana tambayar kansa ko tana ɗauka. Ya yi wa 'yarsa nasihar haƙuri da riƙon salla da girmama dangin miji. Sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Duk abin da uwarki ta koya miki ki riƙe, 'yata, ban da tuwon dawarta. Shekara da shekaru ina ci don zaman lafiya." Hajiya ta ce, "Ku ji min mutum, ko a kabari bai bar ni ba," tana dariya hawaye yana zuba. Rumasa'u ta kalla har ƙarshe, ta shafa allon da tafin hannu, ta tashi da ƙafarta ta shiga mota.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba hannu uku suka miƙo.

Tsalha ya ce shi ya gano ciwon. Ba don shi ba da har yau ana sadakar waina ana ƙara garwashi. Kuma shi ya riƙe hannun Hambali a lokacin da taki ɗaya zai mayar da injin gasasshen nama. Masu ja da shi suka ce ganin ciwo ba magani ba ne, mutumin da ya kasa buɗe baki a gaban Hajiya, kuma ya so a kashe aiki a tsakiya, da me zai yi taƙama?

Yagana ta ce ita ta yi abin da duk garin ya kasa. Lambar Tsalha da tsanin Hambali duk a ƙarƙashin lulluɓi za su mutu. Ita ta yaye, ita ta share, ita ta kawo iska, ita ta kori taro. Masu ja da ita suka ce wannan gadon wasa ne ta tarar, ba gwaninta ba, kuma bayan duk sharar tata magariba injin ya ce. Ga kuma maganar ƙanƙara, wadda tsohuwar nan har yau take ɗingishi a kanta.

Hambali ya ce rantsuwar Hajiya a kan lokaci take, kafin mota ta tashi, kuma a cikinsu shi kaɗai ya taɓa lokaci. Sauran sun warkar da jaki ne, shi ya sa shi gudu. Shi ya hana kashewa, shi ya hana ƙanƙara. Masu ja da shi suka ce gudu a kan inji mai zazzaɓi sunansa jana'iza, kuma kowa ya ga shuɗin allon nan da idonsa.

Hajiya ba ta iya warware rantsuwa, kuma "wanda" ta ce, ba "waɗanda" ba. Aka ce su yi karɓa-karɓa, kowa ya ce shi ba zai riƙa yawo da kayan aiki a ka kamar mai tallan goro ba. Aka ce su shiga tare, aka tuna shagon ko Hambali shi kaɗai sai ya karkata yake shiga. Aka tara dattawa, muka zauna, muka rabu gida uku, har wani ya jefi wani da buta. Makullin ya koma haɓar zani.

Ni abin da na tsaya a kai ɗaya ne: ka zare mutum ɗaya a cikin ukun nan, ko wane ne, Rumasa'u ba ta ganin fuskar ubanta rannan. In kana da ja, fito fili ka musa, ka nuna min wanda za a zare aikin ya tsaya da ƙafarsa. In kuwa ba ka iya musawa, to ƙofa ɗaya ce, kujerar ciki ɗaya ce, kuma Hajiya tana jira. Wa za ta miƙa wa: wanda ya ga zazzaɓin, ko wadda ta yaye bargon, ko wanda ya kwance dabaibayin?